Gudawa mai jini da majina a aladu, ta lafa ta sake dawowa, me ake ciki?

Abba_Kurna
Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman shawarar manyanmu likitoci da ke cikin gidan nan, kuma a yi haƙuri don na san ba dabbar da muka saba magana a kanta ba ce. Ni dai shagon abincin kaji da magungunan dabbobi nake tsarewa, ina kuma ɗan zagaya gonaki yin rigakafi. Akwai wata mata 'yar Sabon Gari da ta daɗe tana sayen dusa a wajenmu, tana kiwon aladu a wata gona can bayan gari. Shekaranjiya ta zo hankalinta a tashe ta nuna min hotuna a waya. Matasan aladunta ne 'yan wata uku zuwa huɗu, wajen guda 40, gudawa ta shigar musu. Ta ce da farko kashin laushi kawai ya yi, toka-toka kamar an kwaɓa siminti, bayan kwana biyu sai majina ta fara biyowa da jini ja sabo, wasu har da tsumma-tsumma a ciki. Sun rame, ciki ya shafe, uku sun mutu. Ta yi musu allurar oksi (wato oksitetrasaiklin, maganin kashe bakteriya), yaronta kuma ya sayo Flagyl ya niƙa ya zuba a ruwan sha, abin ya lafa kamar sati biyu sai ga shi ya dawo sabo fil. Na tambaye ta ko ta kawo baƙi, wato sababbin aladu daga waje, ta ce eh, guda shida daga kasuwar Katsit ta wajen Kafanchan, kamar sati biyu da wani abu kafin ciwon ya fara, amma su baƙin lafiyarsu ƙalau har yau. To wannan ne ya ɗaure min kai. Wace cuta ce wannan, kuma me zan ce mata? Ni ban ba ta komai ba tukuna don ban son in sayar mata da magani a kan ƙila-wa-ƙala.

Sani_Burola
Wa alaikumus salam. Ai jini a kashi koksi ne kai tsaye (koksidiyosis, ciwon hanjin nan na kaji), mu a kaji da mun ga haka amforoliyom muke bayarwa kwana biyar an wuce wajen. Ka ba ta kawai.

Dakta_Tarauni
Malam Sani a'a fa, kar mu ɗauki hukuncin kaza mu ɗora wa alade. Koksi na kama aladu, amma 'yan jarirai yake kamawa, 'yan sati ɗaya zuwa biyu suna kan nono, kuma kashin rawaya ne ko fari-fari mai maiƙo, ba kasafai ake ganin jini ba. Ɗan wata uku da jini ja da majina, hankalina ya fi tafiya kan atinin aladu. Bakteriya ce mai suna Brachyspira hyodysenteriae, siririya ce a murɗe kamar igiya, ba ta son iska, a babban hanji take zama ta ci fatar cikinsa, shi ya sa jinin ke fitowa ja sabo bai yi baƙi ba, don daga nan kusa da mafita yake zubowa. Abba duk abin da ka lissafa ya zauna daram: shekarunsu, kashi kamar siminti sannan majina, lafawa in an ba da magani da dawowa bayan sati biyu zuwa uku. Su baƙin nan da ka ce lafiyarsu ƙalau su ne abin zargi na farko. Aladen da ya yi ciwon ya warke yana iya ci gaba da zubar da ƙwayar a kashinsa sama da wata biyu, ka gan shi sumul yana cin abincinsa. Kuma daga shigar ƙwayar zuwa bayyanar ciwo yawanci kwana 10 zuwa 14 ne, ka ga lissafin ya fita. Amma ban yanke ba fa, akwai wasu masu kama da shi, sai an duba.

Ibn_Dorayi
Subhanallah, yanzu har mun kai ga tattauna jinyar alade a nan? Ni a sanina gidan kiwon halal muka shigo. Admin a duba don Allah.

Admin_Kiwo
Malam Ibn_Dorayi mun gani. Tun ranar da aka buɗe gidan nan an ce na lafiyar dabbobi ne gaba ɗaya, kuma a cikinmu akwai ɗaliban BUK da na Zariya da dole sai sun ci jarrabawar wannan darasin kafin a ba su takarda, akwai kuma 'yan uwanmu Kirista. Ba wanda ya ce a kiwata ko a ci. Wanda abin bai kwanta masa ba ya tsallake, amma ban da zagi.

Mama_Ladi
Na gode Admin. Abba sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da ba ka cusa mata magani ba. Ni 'yar Kudancin Kaduna ce, aure ya kawo ni Kano, kuma da kuɗin alade aka biya min makaranta tun daga firamare har na gama, don haka na san zafin da matar nan take ji. Wannan ciwon ya taɓa shigar wa mahaifiyata, kuma sak yadda Dakta ya faɗa, namiji ta aro daga maƙwabta don barbara, kwana huɗu kacal ya yi a gidanmu aka mayar da shi. Bayan kamar sati biyu muka tashi da safe muka tarar da bangon ɗakin duk sun goga gindi, ja-ja da yauƙi, ga wani wari daban da na kullum, mai ƙarni. Manyan iyayen ko a jikinsu, matasan ne suka yi ta zubewa. Abin da ya fi ci mata rai ma ba waɗanda suka mutu ba ne, waɗanda suka rayu ne, don sun tsumbure, ana ta zuba musu dusa ba sa gaba ba sa baya, wanda ya kamata a sayar a wata bakwai sai da ya kai kusan shekara.

Sani_Burola
To na karɓi gyara Dakta, ni iyakacina kaji. Amma abin da Mama ta faɗa na tsumburewa haka yake ko a burola, in gudawa ta taɓa hanji an gama, abinci kawai suke ci a banza.

Ummi_DVM4
Mun yi wannan a aji zangon da ya wuce. A 1921 aka fara bayyana ciwon a jihar Indiyana ta Amurka, amma sai farkon shekarun 1970 aka tabbatar da ƙwayar da ke kawo shi, wato wajen shekara hamsin ana fama ba a san takamaiman mai laifin ba. Sunanta ma an sha sauya shi, da Treponema ake ce mata, aka koma Serpulina, yanzu Brachyspira, shi ya sa in ka ɗauko tsohon littafi sai ka zaci cuta uku ce. Dakta ina da tambaya, bakteriyar nan Lawsonia fa? Ita ma ai tana kawo jini.

Dakta_Tarauni
Madalla Ummi, tambaya mai kyau. Lawsonia ƙarshen ƙaramin hanji ta fi kamawa, in ta zo da jini za ki ga baƙi ne kamar kwalta, aladen ya yi fari fat ya mutu da wuri, kuma ta fi yi wa waɗanda suka ɗan girma haka. Salmonela kuma gudawar ruwa ce rawaya mai ɗoyi da zazzaɓi mai zafi, wani lokaci da ɗan jini. E. coli ta jarirai ce da waɗanda aka yaye kwanan nan, ruwa tsululu ba jini. Sai wadda mutane ke mantawa da ita, tsutsar nan mai kama da bulala da ke kafa kai a babban hanji, ita ma majina da jini take kawowa sak atini, musamman in a kan turɓaya ake kiwon ba siminti ba. Na taɓa ganin wanda ya ƙarar da kuɗinsa kan allurai alhali maganin tsutsa kawai ake nema.

Ɗan_Fagge77
Ni tsorona ɗaya, kar dai zazzaɓin aladun nan ne na Afirka da ya yi ɓarna a Oke-Aro ta wajen Legas a 2020? Na ji an ce shi ma da gudawar jini yake zuwa. In shi ne ai ba maganar shago ba ce, hukuma za a kira.

Dakta_Tarauni
Gaskiyarka, dole a kawar da wannan tukuna. Shi bairos ne, ba shi da magani, tun 1997 yake yawo a ƙasar nan. Amma shi ba ya zaɓe, uwa da ɗa da namiji duk kwasa yake yi, zazzaɓi ya haura 41, kunnuwa da ciki su yi ja ko shuɗi-shuɗi, cikin kwanaki kaɗan gona ta zama kango, kuma ba ruwansa da oksi balle ya lafa. Uku cikin 40 a tsawon sati uku da wani abu bai yi kama da shi ba. Duk da haka Abba ka tambaye ta ko manya sun taɓu, ko akwai mai cikin da ta yi ɓari. In amsar eh ce, kar a fitar da ko ɗaya daga gonar, a sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha nan take.

Abba_Kurna
Na kira ta yanzun nan ranka ya daɗe. Ta ce iyaye tara da namiji ɗaya duk suna ci suna sha, ba ɓari, jarirai ma lafiya. A ɗakuna uku na matasa abin yake, kuma ɗakunan kwata ɗaya ce ta ratsa su, daga ɗakin da aka sa baƙin ruwan wanki ke gangarowa ya bi ta sauran. Ƙasan siminti ne amma ya farfashe.

Injiniya_Hotoro
To ai ga amsa nan a kwatar. Ni ba likita ba ne, gini nake yi, amma duk ɗakin dabbar da na zana kowanne da mafitar ruwansa zuwa waje, ba a haɗa su jere kamar wagunan jirgi. Mutane suna ƙin kashe kuɗin bulo ashirin su zo su yi asarar dubban ɗaruruwa.

Hajiya_Mai_Awaki
Ni fa ba aladu ne suka dame ni ba, wannan ɗabi'ar ta kawo baƙuwar dabba a jefa cikin garke ranar da aka sauke ta ita ce ta cinye mu duka. Bara kafin babbar sallah na sayo tumaki huɗu a Wudil, da yamma aka sauke su na ce a kai su turke ɗaya da nawa don ban da wani wurin, wallahi kafin sati biyu majina da zawo sun zagaye gidan, raguna biyu da na shekara ina yi wa kiwon sallah sai yanka su aka yi da daddare. Tun daga nan na kewaye wani lungu da langa-langa, duk abin da ya shigo sai ya yi wata guda a can shi kaɗai da bokitinsa da tsintsiyarsa.

Baffa_Gwale
Hajiya naki wataƙila PPR ce, annobar nan ta awaki da tumaki, ita akwai rigakafinta daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, ki riƙa yi musu. Amma maganar keɓewa kam haka take ga kowace dabba.

Ibn_Dorayi
Ni ban zagi kowa ba, tambaya nake da gaske. Shi Abba in ya je gonar ya taɓa su, ya matsayin tufafinsa da sallarsa? Kuma kuɗin da za ta biya shi fa? Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Malam_Na_Ƙofar_Mata
Tambayarka a kan hanya take ɗan uwa. Abin da muka karanta a Malikiyya shi ne duk mai rai jikinsa mai tsarki ne muddin yana raye, har kare da alade, da guminsa da yawunsa. Kashinsa da fitsarinsa da jininsa da mushensa su ne najasa, in sun taɓa jiki ko tufa a wanke, shi ke nan. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa. Cin nama da cinikinsa haramcinsu a fili yake ba mai ja. Shi kuwa ladan jinya, malamai sun yi maganganu, ni ba zan yanke wa Abba a nan ba, ya samu malaminsa ya zauna da shi ya faɗa masa yadda aikin yake. Sai dai mu tuna da hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa.

Ibn_Dorayi
Na gamsu da ɓangaren tsarki Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na kuɗin dai har yanzu zuciyata ba ta natsu ba.

Abba_Kurna
Nima zan tambaya insha Allah. Shawara dai kyauta zan ba ta ko ma mene ne, matar nan shekara huɗu ba ta taɓa cin bashinmu ta hana ba.

Famasis_Zainab
Bari in dawo da mu kan magani don akwai abin da ya tsaya min a rai tun saƙon farko, wato Flagyl ɗin nan. Metronidazol yana taɓa ƙwayar, shi ya sa suka ga sauƙi, amma a Turai da Amurka an haramta ba dabbar da za a ci shi saboda zargin yana jawo kansa, kuma naman nan mutane ne za su ci, maƙwabtanmu ne. Ga shi an niƙa ƙwayar mutane an zuba a ruwa ba awo ba lissafi, wani ya sha da yawa wani ya ɗan lasa, wannan ita ce hanyar da ake koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Kullum sai an zo min kanti ana neman Flagyl ko ja-da-rawaya na kaji ko na maraƙi, in na hana a tafi gaba a saya. Abba ka ce mata ta daina, kuma kar ta sayar wa mahauta da ko ɗaya a cikin waɗanda suka sha.

Dakta_Tarauni
Hakane Hajiya Zainab. Magungunan da aka sani na atinin aladu su ne tiyamulin, linkomaisin da tailosin, sai dai a ƙasashe da yawa ƙwayar ta daina jin tailosin da linkomaisin, tiyamulin ɗin ma an fara samun masu bijire masa. A ruwan sha ake bayarwa don marar lafiya yana barin abinci amma ba ya barin ruwa, wanda ya kwanta ba ya iya tashi a yi masa allura. Kuma duk ɗakin ake yi wa, ba masu zawon kaɗai ba, a cika kwanakin da takardar maganin ta faɗa, a kiyaye kwanakin jira kafin yanka. Gargaɗi babba, kai da kake sayar da abincin kaji Abba ka riƙe wannan: tiyamulin ba ya haɗuwa da monensin ko salinomaisin ko narasin, magungunan koksi da ake sawa a wasu abincin burola. In suka haɗu a cikin dabba guba ne, ƙafafu su shanye ta mutu. Ana barin tazarar sati guda kafin da bayan. To ka tabbatar ba ragowar abincin kaji take ba su ba.

Abba_Kurna
Innalillahi, ai kuwa tana sayen sharar abincin burola a wajen masu gonaki tana haɗawa da dusa don ya fi araha. Da na ba ta tiyamulin shekaranjiya da na kashe mata su da hannuna. Allah ya saka da alheri Dakta.

Sani_Burola
Wannan ko ni ban sani ba wallahi, kuma ina amfani da tiyamulin in kaji na tari. Daga yau sai na karanta jikin buhu.

Mama_Ladi
Abba ka ƙara mata da maganar ruwa. Mu a gida abin da ya ceci da yawa shi ne ruwan gishiri da sukari irin na yara, lita ɗaya ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a ajiye musu ga kuma ruwa zalla a gefe kar ya yanke, don alade in ya sha gishiri babu ruwa wata masifar ce. Wanda ido ya zurma mu kan ɗura masa a hankali da gora. A rage abinci mai nauyi kwana biyu.

Baffa_Gwale
Shekarata talatin da ɗoriya ina aikin dabbobi kafin in yi ritaya, kuma abin da zan ce shi ne duk maganin da Dakta ya lissafa in an ba su za su tashi, amma ciwon zai dawo in ba a kori ɓera ba. Ɓeran gida yana riƙe ƙwayar nan a hanjinsa har wata shida. Ka wanke ɗaki ka zuba magani ka kashe kuɗi, da daddare ya fito daga tsagar simintin nan da Abba ya ambata ya yi kashi a cikin kwanon abinci, an koma gidan jiya. Kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari, buhunan dusa a ƙasa a buɗe, abinci a zube ko'ina, me zai hana shi zama? Kare da ƙuda ma suna ɗauka amma nasu na ɗan lokaci ne. Sai rambut da shebur da baro, yaro ɗaya ya fito daga ɗakin marasa lafiya ya faɗa na jarirai da takalmi ɗaya. Abu ɗaya da Allah ya taimake mu da shi a Kano shi ne rana. Ƙwayar nan ba ta jure bushewa da zafi, a kashi mai danshi cikin sanyi tana iya yin wata biyu, amma a zafi irin namu kwanaki kaɗan ne. A kwashe kashi, a wanke da omo a goge sosai tukuna, don maganin feshi ba ya aiki a kan ƙazanta, sannan a fesa, a bar ɗakin ya bushe ƙayau babu kowa ciki ko da sati biyu ne, a toshe tsagogin da siminti. Damina ce lokacin da ya fi wuya.

Ummi_DVM4
Baba to babu rigakafinta ne kamar na PPR?

Baffa_Gwale
Babu wata allurar rigakafi da za ki dogara da ita 'yata. An yi ta gwadawa a waje, ba a samu wadda ta kama sosai ba. Tsafta da keɓe baƙi da sanin inda kika sayo, su ke nan.

Auwal_Lambu
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni noman rani nake a gefen Jakara, latas da kabeji da alayyafo. Wannan ruwan wankin ɗakunan ina yake zuwa? Kuma wasu na kawo mana taki ba ma tambayar na wace dabba ce. Mutum zai iya ɗaukar wannan atinin?

Dakta_Tarauni
Malam Auwal ita wannan ƙwayar ta atinin aladu ba a san ta da kama mutum ba, ka kwantar da hankali ta nan. Amma in salmonela ce, ita kam tana kama mutum, kuma ba daga alade kaɗai ba, kashin kaji da na shanu ma suna ɗauke da ita. Shi ya sa nake cewa lafiyar gonar matar nan ta shafi wanda bai taɓa ganin alade ba a rayuwarsa, don ruwa ba ya tambayar addinin mai lambu. Taki kowane iri ne a tara shi ya ruɓe ya yi zafi ya huce kafin a kai kan ganyen da ake ci ɗanye. Ita kuma ta haƙa rami ruwan wankinta ya riƙa taruwa a ciki, kar ta sake shi a kwata.

Ɗan_Fagge77
Ni dai a ganina ta sayar da su duka ta huta ta sake sabon zubi, tunda Baffa ya ce abin ba ya ƙarewa.

Mama_Ladi
Ta sayar wa wa? In ta kai kasuwa wata ce za ta saya ta kai gidanta, yadda aka yi mata haka za ta yi wa wata. Kuma kun san me ake nufi da a ce mace ta rabu da iyaye tara? Shekaru ta yi tana tara su. Faɗa da baki yana da sauƙi.

Baffa_Gwale
Ku duka kuna da gaskiya. A manyan gonakin Turai in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kwashe garken suke yi gaba ɗaya zuwa mayanka, a wanke a bar wurin fayau sannan a kawo masu tsafta. Amma su suna da jarin da za su zauna wata da watanni ba shiga. Mai iyaye tara sai dai a bi a hankali, a yi wa kowa magani lokaci ɗaya har iyayen, matasan in sun warke sun cika kwanakin jira su tafi yanka ba kiwo ba, a gyara ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Ba na ce dole ya yi ba, na ga inda ya yi na ga inda ya dawo bayan wata huɗu.

Famasis_Zainab
Ni har yanzu ina kan bakana, kar a fara komai sai an yi gwaji. Yau shekara nawa muna harbi a duhu.

Dakta_Tarauni
Hajiya a ƙa'ida haka ne, amma gwajin wannan ƙwayar ba kamar na taifod ba ne da za a yi a kowane lungu. Iska na kashe ta, sai an ɗebi kashi sabo ko yankin hanji daga wanda bai sha magani ba, a toshe a sa a cikin kula mai ƙanƙara, ba a daskarar ba, a kai Vom ko asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya da wuri, kuma tsirar da ita na cin kwanaki. Dabbobi na zubar da jini ba za a naɗe hannu ana jira ba. Abin da nake yi shi ne in ɗauki samfur tukuna, in buɗe wanda ya mutu in gani da idona, sannan in fara magani kafin sakamako ya fito.

Abba_Kurna
Salam, ga yadda ake ciki. Jiya da asuba wani ya sake mutuwa, na roƙi Dakta ya taimaka muka je tare da safe, Allah ya biya shi. Na sa rambut da safar hannu da rigar leda, shi ya buɗe ni ina riƙe da fitilar waya don ɗakin da duhu. Ƙaramin hanji lafiya lau, saifa ba ta kumbura ba, amma da ya tsaga babban hanji sai ga bangon ya yi kauri ya yi jajir, majina da gudan jini da wani abu kamar dusa-dusa sun lulluɓe shi, ya kankare da bayan wuƙa ya duba bai ga tsutsa ko ɗaya ba. Mun ɗebi samfur daga guda biyu da suka fara zawo jiya ba su sha komai ba, direban Jos ya tafi da kular. Da muka ɗaga buhunan da ke jingine a sito kuwa ɓeraye sun fi goma suka watse. Matsalar yanzu ita ce sharar burolar nan, har shekaranjiya ita suke ci, kuma ba wanda ya san me ke cikinta, don haka Dakta ya ce ba za a taɓa tiyamulin ba sai an yi sati, ya fara musu da linkomaisin a ruwa. An toshe kwatar, an raba wa kowane ɗaki shebur ɗinsa.

Hajiya_Mai_Awaki
Allah ya ba su lafiya, ya mayar mata da alheri. Baƙin shida fa, ya aka yi da su?

Abba_Kurna
Suna nan Hajiya, an mayar da su can ƙarshen gona su kaɗai. Ita tana so ta mayar wa dillalin da ya sayo mata, Dakta ya ce kar su fita ko nan da can sai sakamako ya zo, har yanzu dai ita da Dakta ba su daidaita ba.

Sani_Burola
Dakta in linkomaisin ɗin bai kama ba kafin satin ya cika fa, tunda ka ce wasu sun daina jin sa, me za a yi a tsakani?